Injin Wanki a Cikin Birni: Abin da Haruffan nan Suke Faɗa Mana

Shekaru kaɗan da suka wuce, injin wanki kayan masu hali ne a Nasarawa da Bompai. Yau ya shigo cikin ganuwa, har ya zama da wuya a yi wa amarya jere a Yakasai ko Mandawari ba a gan shi a jingine a tsakar gida ba. Wanda ya fi shiga shi ne mai buɗewa ta sama, domin ya fi mai ƙofa a gaba araha. Sai dai a gidaje da dama da nake shiga, nakan tarar an lulluɓe shi da zane an ɗora kwanuka a kai. In na tambaya, amsar ɗaya ce: "Ya lalace, wasu haruffa yake nunawa." A ganina yawancin waɗannan injuna lafiyarsu lau. Ƙorafi suke yi, mu kuma ba mu koyi jin yarensu ba.

Mu fara da ruwa, tunda shi ne tsohon ciwon Kano. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo wa birni ruwan famfo daga Challawa, daga baya aka ƙara da matatar Tamburawa. Amma jama'a sun yi yawa, kuma unguwanni da dama yau da 'yan garuwa da rijiyar burtsatse suke rayuwa. Shi kuwa injin da ke sarrafa kansa an ƙera shi ne da zaton akwai famfo mai ƙarfi. Idan ya jira ruwa na wasu mintuna bai cika ba, sai ya tsaya. Na kamfanin LG ya rubuta IE, na Samsung ya rubuta 4E ko 4C. Ma'anar duka ita ce ruwa bai iso ba.

A nan akwai ɗan lissafi da ya kamata kowane maigida ya sani. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa, ba daga girmansa ba. Kowace mita 1 ta tsayi tana ba da kusan kashi 1 cikin 10 na ma'aunin da ake kira ba. Tankin da aka ɗora a kan bulo uku, ko da lita 2,000 yake ci, ruwansa da ƙyar zai ratsa bakin injin. Maganin shi ne a ɗaga tankin, ko a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa. Amma kafin a kashe ko kwabo, a rufe famfo, a kwance tiyon da ke bayan injin, a leƙa inda yake shiga. Akwai wata 'yar rariya a wurin, kuma ruwan burtsatse yana cika ta da yashi. A zaro ta da filaya a hankali, a goge da tsohon burushin haƙori, a mayar. Aikin minti biyar ne, kuma na sha ganin an biya kuɗin cefanen mako guda a kansa.

Na biyu shi ne fitar ruwa: OE a LG, 5E ko 5C a Samsung. Injuna da yawa masu buɗewa ta sama ba su da abin da ke tura ruwa waje, gangara kawai ruwan yake yi. Idan aka rataye tiyon a jikin bango, ko aka lanƙwasa shi don ya kai bakin kwata, ruwan zai zauna a ciki. A gidajen cikin birni, inda rariyar tsakar gida takan fi daɓen ɗaki tudu, wannan ba baƙon abu ba ne. In kuwa tiyon a kwance yake kuma ba lanƙwasa, to wani abu ya toshe. A ƙasashen Turai kwabbai ake tsinta a ciki. Mu da muka daɗe da barin kwabbai, abin da muke tsinta shi ne fil ɗin ɗankwali, da maɓallin kaftani, da ƙwallon dabino, da tsinken sakace. A riƙa laluba aljihu.

Sai UE, wanda wasu injunan Samsung ke rubutawa Ub. Wannan yakan fito ne lokacin matsa, bayan injin ya yi ta dukan jikinsa kamar zai tashi. Kayan ne suka taru a gefe guda. Tufafinmu suna da hannu a ciki: babbar riga ta shadda mai aiki a ƙirji, in ta sha ruwa, nauyinta a wuri ɗaya yake dunƙulewa, haka ma bargo ko darduma in aka sa su su kaɗai. A buɗe, a warware kayan, a baza su kewaye da gangar, a rufe. A kuma duba ƙafafun injin, domin tsakar gidan da aka yi wa siminti da gangara don ruwan sama ba ta ba shi daidaito. Ni dai shawarata, babbar rigar Sallah a bar wa masu wanki da bugu, su suka san darajarta.

Akwai biyu da ba ciwo ba ne sam. dE na nufin murfi bai rufu ba. CL kuwa makullin yara ne, wani yaro ya danne maɓallai ya kunna shi, kuma littafin injin ya faɗi yadda ake cirewa. Littafin nan da ake jefarwa tare da kwali, shi ne mai gyara na farko, domin ma'anar haruffa tana bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Inda abin yake da haɗari na gaske shi ne wuta. An ƙera injunan don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Wadda ke zuwa lungunanmu sau da yawa ba ta kai haka ba, kuma ƙaramin janareta ba ya ɗaukar motar injin lokacin da take tashi. Motar takan yi gurnani ta ɗau zafi, wani lokaci LG ya nuna LE. A kashe, a zare filogi, a rage kaya, a jira wuta ta daidaita. In an ɗauke wuta a zare filogi nan take, domin dawowarta da ƙarfi ce ke ƙona fanel, kuma fanel yana cikin abubuwa masu tsada a jikin injin. Sitabilaiza mai kyau ta fi shi araha nesa ba kusa ba.

Abin da ba na so a yi wasa da shi shi ne injin da ke jan mutum. Tsofaffin gidaje da yawa an ja musu wuta ba tare da wayar ƙasa ba, mai wanki kuma a tsaye take babu takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Idan an taɓa jikin injin an ji yar, ko an ji ƙaurin waya, ba sauran dabarar gida. A zare shi daga soket da busasshen hannu, a kira mai aikin wuta.

Shi ma mai gyara, in ya zo ya ce fanel ne tun bai kwance komai ba, a tambaye shi ma'anar haruffan da ya gani, da abin da ya gwada. In dole sai an sauya, a karɓi tsohon a ajiye, a kuma sa ya yi wanki ɗaya cikakke a gaban masu gida kafin a sallame shi.