Haƙƙin Mallaka: Tsohon Wasan Kwamfuta Ba Tsintuwa Ba Ne

MAIDUGURI — Masu shagunan wasannin talabijin da masu tura wa jama'a kaya a waya a kewayen Kasuwar Monday sukan ɗauka cewa wasan da kamfaninsa ya daina sayarwa ya zama na kowa. A doka ba haka abin yake ba.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta sanya manhajar kwamfuta cikin rubutattun ayyuka, waɗanda ake kare su har shekara 70 bayan rasuwar mawallafi. Ko kamfani ya durƙushe, haƙƙin yakan koma hannun wanda ya sayi kadarorinsa. Kuma tun da Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993, kariyar ta shafi wasannin Japan da Amurka.

A 2018 wata kotu a Amurka ta yanke wa masu shafin LoveROMs biyan kamfanin Nintendo diyyar fiye da dala miliyan 12 saboda rarraba tsofaffin wasanninsa.

Sai dai masu adana tarihi suna da hujja. Wani bincike na 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa, kuma kwafi ne kaɗai ke hana da yawansu ɓacewa.

Amma adanawa daban, ciniki daban. Ɗan kasuwan da ke karɓar kuɗi a kan kwafin da ba shi da lasisi, Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana da ikon kama kayansa ta gurfanar da shi gaban kotu.