Abubuwa bakwai na ban mamaki game da William Greaves

A fagen finafinan da ke ba da labarin gaskiya a Amurka, William Greaves na sahun gaba. Baƙar fata ne da ya dage sai mutanensa sun ba da tarihinsu da bakinsu. Ga kaɗan daga cikin abubuwan mamakin rayuwarsa:

1. Da rawa ya fara. An haife shi a unguwar Harlem ta birnin New York a 1926. Ya yi rawa da wasan kwaikwayo, har ya shiga Actors Studio a 1948, zamanin su Marlon Brando.

2. Gida ya ƙi shi, maƙwabta suka karɓe shi. Wariyar launin fata ta toshe masa hanya, sai ya ƙaura Kanada a 1952, inda ya goge a hukumar finafinan ƙasar.

3. Kyamararsa ta zo Afirka. Shi ya ɗauki fim ɗin bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya na farko a Dakar a 1966, bikin da Legas ta karɓi baƙuncin zagayensa na biyu a 1977.

4. Bore ne ya ba shi kujera. A 1968 ma'aikata baƙaƙe na shirin talabijin na Black Journal suka ajiye aiki, suka ce ba za ta saɓu ba, farar fata na jagorantar shirinsu. Aka naɗa Greaves, shirin kuma ya ci kyautar Emmy a 1970.

5. Fim mai karya harshe. Sunansa Symbiopsychotaxiplasm, an ɗauke shi a lambun Central Park a 1968. Kyamara ɗaya na kan 'yan wasa, ta biyu na kan masu ɗauka, ta uku na kan 'yan kallo da masu wucewa. Da ma'aikatan suka gaji da salon Greaves, sai suka keɓe suna sukarsa a gaban kyamara. Shi kuwa ya sanya sukar a cikin fim ɗin! Fim ɗin ya fi shekara 20 a ajiye, amma a 2015 Amurka ta sanya shi cikin kundin finafinanta na tarihi.

6. Ya leƙa fagen dambe. Ya yi fim kan karawar Muhammad Ali da Joe Frazier ta 1971.

7. Bai san gajiya ba. Ya shirya finafinai sama da 200 kafin rasuwarsa a 2014 yana da shekara 87.

Matasanmu masu riƙe da kyamara, ku ɗauki labarin mutanenku tun dattawa na raye. Ko an ƙi kallonsa yau, mahaƙurci mawadaci.