IN MOTAR GAS TA ƘI TASHI: NASIHA GA MANOMA DA DAGATAI

Ya kai manomi, da kai Dagaci mai lura da dukiyar jama'a, ku sani aikin gona ba ya ƙarewa ran girbi, sai ran da amfani ya isa kasuwa. Buhun gero ya iya kwana bakwai a bakin hanya ba abin da zai same shi, amma kwandon tumatir in ya yi kwana biyu cikin rana ya zama ruwa, wahalar wata uku ta tafi a banza.

Yawancin motocin da ke ɗaukar kayan gona tsofaffi ne masu shan man gas, irin su Mercedes-Benz waɗanda aka harhaɗa a Enugu, da Fiat da aka harhaɗa a Kano a da, da Steyr na Bauci. Injinsu ƙaƙƙarfa ne. In ka ga ɗayansu ta tsaya a daji, sau da yawa injin lafiya lau ya ke, mai ne bai isa gare shi yadda ya kamata ba. Ko da ba kai ne direba ba, in kai ka yi haya, ko kuwa jama'arku suka yi karo-karo suka sayi motar, ya wajaba ka san yadda a ke binciken wannan ciwo, domin kada a sa ka biya kuɗin gyaran abin da bai lalace ba.

YADDA INJIN GAS KE AIKI

Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙago wannan inji, ya kuwa yi aiki sosai a garin Augsburg cikin 1897. Ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi kamar injin fetur. Fistin ne ke matse iska ƙwarai har ta yi zafi, sa'an nan a feso mai cikinta kamar raɓa, ya kama da kansa.

Ga hanyar da mai ke bi. Daga tanki ya shiga bututu, ƙaramin famfo ya jawo shi, ya tura shi cikin matata, watau filta. Daga nan ya shiga babban famfo, wanda makanikai ke kira injekta, shi kuwa ya auna wa ko wace silinda rabonta, ya aika ta bututun ƙarfe zuwa nozul, watau bakin da ke fesawa. Abin da ya ragu ya koma tanki. Kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙera irin wannan babban famfo da yawa cikin 1927. Ƙarafan cikinsa a haɗe su ke ƙam, ratar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, man gas ɗin ne kuma ke hana su cin juna. Saboda haka maƙiyansa uku ne: iska, da ruwa, da datti.

KA'IDAR BINCIKE

Ka'idar ɗaya ce. A bi mai tun daga tanki har zuwa inji, daki daki, yadda mai lambu kan bi hanyar ruwa daga bakin rafi ya ga inda ta toshe. Abin da ke kusa da tanki gyaransa araha ne, abin da ke kusa da inji kuwa tsada gare shi. Wanda ya fara da kwance injekta, garin neman gira zai rasa ido.

1. TANKI. Kada a gaskata agogon mai na tsohuwar mota. A sa sanda mai tsabta a auna. In mai ya yi ƙasa ƙwarai, motar kuwa ta hau tudu ko ta karkata, bututu ya kan sha iska. A duba kuma murfin tanki, gama akwai 'yar kafa a jikinsa inda iska ke shiga. In ƙura ta toshe ta, mota ta kan yi tafiya kaɗan ta raunana ta mutu. Alamarsa, in an buɗe murfin a ji ya ja iska, motar kuma ta tashi.

2. RUWA. Ruwa ya fi man gas nauyi. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, ta man gas kuwa ba ta kai kilo ba, don haka ruwa ya kan kwanta a ƙasa. A kwance ƙusar gindin tanki ko ta gindin matata, a tari abin da ya fito cikin farar kwalba, a ajiye ta ɗan lokaci. In da ruwa za ka gan shi a ƙasa, mai a bisa. A yi ta tsiyayewa har mai zalla ya fito. In an ga wani baƙin abu mai yauƙi, to, ruwan ya daɗe har waɗansu ƙananan halittu sun hayayyafa cikinsa, tilas a sauke tanki a wanke.

3. MATATA. Motar da ke tashi lafiya, ta yi gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma in ta ɗauki kaya ta fuskanci tudu sai ƙarfinta ya ƙare, a fara zargin matata. Ta toshe, mai na wucewa kaɗan kaɗan. Waɗansu motoci suna da ɗan kofin gilashi mai raga a gindin ƙaramin famfo, a cire a wanke shi da man gas mai tsabta. Matata ta takarda kuwa ba a wanke ta, sabuwa a ke sawa. Kada ka yarda ko kaɗan a huda ta da ƙusa, ko a cire ta a yi tafiya haka. Motar za ta tashi yau, amma yashi zai ci injekta, kuɗinsa kuwa ya ninka na matata sau da yawa.

4. ISKA. In mota ta tashi da safe, ta yi ɗan ruri ta mutu, ko kuwa sai an daɗe ana buga kik kafin ta kama, iska ce ta shiga hanyar mai. Ta kan shiga ta tsohuwar roba da ta tsage, ko noti da ya saki, ko lokacin da aka canja matata, ko mai ya ƙare sarai. Ka lura, tsakanin tanki da ƙaramin famfo jan mai a ke yi, saboda haka kafa tana iya shan iska ba tare da ko ɗigo ya zuba ƙasa ba.

Ga yadda a ke fid da ita. A sassauta ƙusar da ke kan matata, a yi ta buga famfon hannu. Da fari kumfa za ta fito. A ci gaba har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure. A yi haka nan ga ƙusar da ke jikin injekta. In har yanzu ta ƙi, a sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul biyu, a buga kik har mai ya tsirto, a ɗaure. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 a bugu ɗaya, a bari ya huce tukuna, im ba haka ba a ƙone shi, a kashe batir.

In ana shakka, a cika jarka mai tsabta da mai, a sa bututu daga cikinta zuwa ƙaramin famfo. In motar ta yi aiki daidai, laifin yana baya, wajen tanki da bututunsa. In ba ta sake ba, yana gaba.

5. NOZUL DA INJEKTA. Sai an gama waɗannan duka a ke zuwa nan. Hayaƙin salansa shaida ne. Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, a fara duba matatar iska, gama ƙurar hunturu ta kan cika ta. Farin hayaƙi mai warin gas, mai ne bai ƙone ba. Shuɗi kuwa, baƙin mai ne inji ke ci, wannan ba laifin hanyar mai ba ne. In inji na ɗingishi, bakanike ya kan bar shi yana aiki, ya sassauta notin nozul ɗaya ɗaya. Wanda aka sassauta sautin inji bai sake ba, silindarsa ce ba ta aiki.

Gargaɗi: ƙarfin feshin nozul ya ninka iskar tayar babbar mota fiye da sau 20, yana huda fata. Kada wani ya sa yatsa wurin. Wanda ya same shi a kai shi asibiti nan da nan, ko da raunin bai fi bakin allura ba. Injekta kuwa ba a buɗe shi a gindin itace. A kai shi wurin masu na'urar gwaji.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Araha ba ta ado. Man da aka gauraya da kananzir ko fetur ba shi da santsi, ya kan cinye injekta. In a duro kuka sayi mai, ku bar shi ya kwana, ku ɗiba daga sama, ku bar na gindi. A zuba da mazurari mai raga. A cika tanki da yamma, domin tankin da ya kwana rabi ya kan yi gumi a ciki da sanyin dare, gumin nan ruwa ne.

Kai Dagaci, kafin a ɗora kayan talakawanka, ka tambayi direba yaushe ya canja matata, ka ga kuma yana da sabuwa guda a ajiye, da sifana, da ɗan bututu, da jarka. In ba shi da su, a saya tun a gari, kafin a kama hanya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kayanmu kasuwa lafiya, amin.