Kiri-Kiri A Filin Taron Safe

A ƙasarmu ciyawa abar nomewa ce, ko kuma a yanko wa dabba. Shi ya sa da na ji labarin wata makarantar sakandaren kwana ta maza, can gabas da Kano inda ƙasa ta fara komawa rairayi, wai sun yi shekaru suna fama don ciyawa ta kama a filin taronsu, sai na ƙudurta zuwa in gani da idona. Na so in san abin da zai sa a riƙa ba ciyawa ruwa a wurin da na wanka ma sai an bi layi.

Shugaban makarantar ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya haɗa ni da malamin aikin gona, muka nufi filin.

Malamin bai fara nuna mini ciyawar ba. Bayan wani aji ya kai ni, ya nuna mini harsashin ginin da ya fito fili har ana iya ƙirga bulon da ya kamata a ce yana binne. Ya ce kullum da asuba 'yan aji ɗaya suna share harabar nan da tsintsiya, shekara da shekaru, kowace shara kuwa da ƙasar da take kwashewa. Abin da tsintsiya ta rage, iskar hunturu ta ɗauka, ruwan Agusta ya ƙarasa. Da haka fili ya zama fako, in ka buga diga sai ta yi tsalle. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan yara suka jeru taron safe, ƙurar da ƙafafunsu ke tayarwa tana haɗuwa da hazo, tari ya hana a ji mai jawabi. Da damina kuma tsidau da ƙarangiya ne kawai ke fitowa a gefe-gefe.

"Mutane suna zaton ado muke nema," in ji shi. "Ƙasa muke so mu ɗaure."

Gwajin farko da iri aka yi shi. Wasu tsofaffin ɗalibai, da kyakkyawar niyya, suka aiko da ƙunshin irin ciyawa daga waje. Aka shuka bayan ɗaukewar ruwa, sanyi ya fara shigowa, cikin mako guda ta tsiro shar, har mutanen gari suna leƙowa kallo. Ashe ciyawar ƙasashen sanyi ce, irin wadda yaran ke gani a filayen ƙwallon Ingila in sun je gidan kallo, wadda ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 25. A nan kuwa watan Afrilu yakan haura digiri 40. Kafin ruwan shuka ya sauka ta ƙone ƙurmus.

Daga nan aka koma wa ta shimfiɗawa, wadda masu lambun furanni na bakin titi a Kano da Kaduna da Abuja ke kira kafet giras. Ita ana yanko ta ne fala-fala da ƙasarta, a jibga a mota, kuma dole a shimfiɗa ta a ranar, don in ta kwana biyu a jibge sai ta yi zafi ta ruɓe daga ciki. Ana jera ta baki da baki, a daddanna, a yi ta ba ta ruwa safe da yamma na mako biyu zuwa uku har saiwarta ta kama ƙasar ƙasa. Daɗinta shi ne a yini guda fili ya zama kore. Sai dai asalinta daga yankunan Amurka masu zafi da yawan ruwa ne, tana son laima da inuwa, shi ya sa take jin daɗin kudancin ƙasar nan inda wasu wurare ke samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara. A yankin Kano yawanci ba ya kai 1,000, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Abin da ya rage na kafet ɗin yanzu ɗan yanki ne a ƙarƙashin darbejiya, kusa da famfon ofis.

Malamin ya tsuguna ya yi mini lissafi a ƙasa da tsinke. Da bazara, kowace murabba'in mita ta ciyawa tana buƙatar kamar lita biyar a yini in ana so ta zauna kore. Fili mai murabba'in mita 1,000 zai sha lita 5,000, wato jarka 200 mai cin lita 25, kullum. Cikakken filin ƙwallo, mita 105 tsawo da 68 faɗi, ya wuce lita 35,000. Makarantar kuwa rijiyar burtsatse guda ce da ita mai aiki da hasken rana, ita ce ta ɗakunan kwana, ita ce ta kicin, ita ce ta masallaci.

Muna cikin haka sai ga wani dattijo ya taho yana tura baro, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Malamin ya miƙe ya gaishe shi, ya ce mini, "Ga mai ciyawar nan. Ni littafi na karanta, shi ya yi aikin."

Kowa a makarantar Baba yake ce masa. Lebura ne, shi ke sharar kwata da sassabe da gyaran shinge. Yana saurayi ya yi aikin lambu a gidajen Nasarawa cikin Kano, a can ya koyi dashe. Muka zauna a gindin darbejiyar, na tambaye shi yadda aka yi ciyawar da ke filin taron yanzu ta kama bayan biyu sun mutu.

"Ɗana, ai tun ranar da aka buɗe ƙunshin nan na san ba za ta yi ba. Amma baƙi sun kawo alheri, manya sun karɓa, ni wane ne da zan ce uffan? Na ɗauki bokiti na yi ta ba ta ruwa har ta mutu a hannuna. Ta biyun ma haka. Sai da aka ce an haƙura, sannan na je na sami shugaba na ce, ranka ya daɗe, a ba ni gefen masallaci kawai, ba na neman ko sisi."

Abin da ya kawo kiri-kiri ce, wadda kowane manomin fadama ya sani kuma yake tsine wa. Tana yaɗo a bisa ƙasa, tana kuma tafiya ta ƙarƙashi, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Halin da ya sa manomi ke ƙin ta shi ne abin da Baba yake nema. Ya ce da ya je bakin fadama da buhu yana roƙon a bar shi ya tona, mai gonar har taya shi ya yi, yana ta tambaya ko lafiya.

Na ce, "Baba, ita ba ta da iri ne?"

Ya ce tana da shi, har sayarwa ake yi, amma ƙwayarsa ta fi ta gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai an cuɗa da yashi kafin a watsa, ba a binne shi da zurfi, kuma tilas ƙasa ta zauna da danshi kusan mako biyu. A wannan tsakanin tururuwa na jida, tsuntsu na tsinta, ruwa mai ƙarfi guda ɗaya ya isa ya tattara shi duka a kwari. Dashe kuwa kyauta ne, kuma abin da ka dasa yana da ransa tun daga farko.

Ya tashi ya nuna mini yadda yake yi, a wani gefe da yake shiryawa. Da diga ake fasa fakon, zurfin taƙi guda ko fiye, a tsince duwatsu da 'ya'yan aya-aya ɗaya bayan ɗaya, don ko guda aka bari za ta dawo da danginta. Sai a zuba takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin shanu, in ji shi, yana ƙona saiwa, yana kiran gara, ga irin ciyayi cike a cikinsa. A baje da manjagara, a ɗaura wa katako igiya yara biyu su ja har ƙasa ta daidaita, a bar ɗan gangare yana barin jikin gini. Sannan ba a dasawa da ruwan farko. Yakan bari duk ciyawar da ke kwance a ƙasa ta tsiro, ya nome ta, sai Yuli in damina ta zauna. Ya ciro wani reshe mai gaɓa huɗu, ya ja layi da bakin fartanya, ya kwantar da shi, ya rufe kashi biyu cikin uku, ya bar kan a waje, ya taka da dunduniya. Tsakanin layi da layi taƙi guda. Da yamma yake dashe, don ta kwana cikin sanyi kafin rana ta same ta. In ta kama, ya watsa ɗan takin yuriya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kaɗan ƙwarai. Yankan farko da langa-langa mai kaifi, saman kawai, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta. Yawan yanka shi ke sa ta daina miƙewa ta koma yaɗo.

Duk wannan ya faɗe shi da fara'a. Da na tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya, sai ya koma ya zauna.

"Hutu," ya ce. "Dogon hutu. Ka ga lokacin da ta fi son hannu, Agusta, lokacin ne makaranta ke watsewa. Yara sun tafi, malamai sun tafi, daga ni sai mai gadi. Ciyawar banza tana rige-rige da ita, sai ka tsuguna ka cire da hannu, fartanya ba ta shiga tsakani. Awakin da suka tsinke turke ba su san wani wuri ba sai nan. Ni kuma ga gonata tana jira, gero na son maimai. In na yini a nan, tawa ta ci ciyawa. In na yini a can, in dawo in tarar an kiwace wannan. Akwai shekarar da na bar maimai ya wuce ni, abin da na samu bai kai mu rani ba. Mai ɗakina ta ce, Malam, ka bar abincin 'ya'yanka kana renon abincin awaki. Ban ce mata komai ba, don gaskiya ta faɗa."

Na ce to me ya hana shi bari.

Ya ce akwai wani yaro ɗan aji ɗaya mai ciwon asma, wanda duk hunturu sai an ɗauke shi daga layi an kai shi ɗakin shan magani, ƙirjinsa na kuka. Jikansa ma sa'an yaron ne. "In na tuna wannan kukan ƙirjin, sai in ga ai ba awaki nake yi wa ba."

Ban ji ya zargi kowa ba, ni ma ba zan zarga ba, don makarantar da ke lissafin buhun masara ba ta da rarar da za ta ware wa ciyawa. Amma na yi imani aikin da Baba yake yi ya wuce na lebura, kuma duk makaranta ko asibitin da ke sha'awar koren fili ya kamata ta fara da tambayar mutum irinsa kafin ta sayi komai. Ya kamata kuma a san cewa hutun da kowa ke murna da shi, a gonar Baba ake biyan kuɗinsa.

Batun ruwan rani ya warware shi ta hanyar da ta burge ni ƙwarai. Ya ce ya yi wa kansa alkawari ba zai taɓa jan tiyo daga tanki ba muddin akwai yaro a layi da bokiti. Sai ya lura da ruwan alwala. Ɗaruruwan yara, sau biyar a yini, ruwa ne mai yawa, kuma babu sabulu a cikinsa, da can kwata yake bi ya taru ya zama gidan sauro. Ya haƙa 'yar magudana daga wurin alwalar, ya jera mata fasassun bulo, ya raba ta reshe uku, yana toshe biyu da tsumma ya buɗe ɗaya, gobe ya sauya. Wannan yankin ba ya bushewa duk shekara, kuma daga nan yake cirar abin dasawa, ya daina zuwa fadama. Sauran filin kuwa yakan ƙyale shi ya bushe da rani. Na nuna shakka, don wurin da ya nuna mini fari fat yake kamar an zuba ƙaiƙayi. Ya sa farce ya tono, ya ciro wata jijiya fara mai kauri, ya karya, ga danshi a ciki. Ya ce ruwa biyu ya ishe ta ta farfaɗo, abin da take so kawai kada a yi ta tattaka ta tana barci, kada kuma a sa mata wuta.

Yanzu sama da rabin filin taron ya rufu. Wani ɗan aji ɗaya da na tsayar ya ce mini sharar asuba ta ragu, ganye kawai suke tsincewa. Manyan kuwa ƙorafinsu ɗaya ne, yaushe za a kai ga filin ƙwallo, don sun gaji da goge gwiwa a tsakuwa.

A gabana aka sake tayar da maganar. Malamin aikin gona yana ganin a fara da bakin raga, inda aka fi faɗuwa. Baba ya ce bakin raga ne wurin da ba za ta taɓa kamawa ba matuƙar ana buga wasa, sai dai a fara daga gefe ta riƙa shigowa da kanta. Suka tsaya a kan za a dasa tsiri guda a gefen yamma damina mai zuwa, in an samu ƙayar magarya da za a kewaye shi. Ɗalibai biyu 'yan cikin garin sun ce za su riƙa zuwa cirar ciyawa da hutu, ranar Asabar da Laraba, don Baba ya samu ya je maimai.