Izinin Ɗaukar Ƙaramar Bindiga da Matsalar Ƙetare Iyaka: Misalin Gaya, Malanbil da Kamba

Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba tambaya guda: mutumin da hukumar ƙasarsa ta ba shi izinin riƙe ƙaramar bindiga ta hannu, watau libarba ko pistole, mene ne matsayinsa idan ya taka ƙasar maƙwabta da ita? Mun zaɓi garin Gaya na jihar Doso saboda wurin da yake. Malanbil ta ƙasar Benin tana ƙetaren kogin Kwara, Kamba ta jihar Kabi a Nijeriya kuma tana gabas da shi. Kasuwannin nan uku na ƙasar Dandi sun daɗe suna cin juna, kamar yadda binciken Olivier Walther na shekarar 2008 ya nuna, har ɗan kasuwa yakan shiga ƙarƙashin dokokin ƙasa uku cikin yini ɗaya. Abin da muke son tabbatarwa shi ne cewa izinin bindiga yana ƙarewa a bakin iyakar ƙasar da ta bayar da shi, kuma ƴancin zirga-zirgar da aka bai wa mutum bai haɗa da makamin da ke jikinsa ba.

1. Bayanin kalmomi

Kafin mu shiga dokokin, wajibi ne mu rarrabe abubuwa huɗu da Bahaushe kan tara cikin kalmar "riƙe bindiga". Na farko shi ne mallaka (détention), watau ajiye makami a gida ko a wurin sana'a. Na biyu shi ne ɗauka a jiki (port), makamin yana kusa da hannu, a shirye. Na uku shi ne jigila (transport), watau kai shi daga wuri zuwa wuri. Na huɗu shi ne shigowa da shi cikin ƙasa (importation). Mai tafiya yana ganin ɗauka kawai yake yi. Amma a idon jami'in duwan, da zarar ya ƙetare iyaka ya fitar da makami daga wata ƙasa, ya shigo da shi wata. Yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa.

2. Tushen tarihi

Dokokin ƙasashen uku suna da kaka ɗaya. Yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani a yankin Afirka da ke tsakanin digiri 20 na arewa da digiri 22 na kudu, ta kuma sassauta wa bindigar toka da albarushinta. Turawan mulkin mallaka sun gina dokokinsu a kan wannan bambanci, Faransa da dokar 1925 ta yankin Afirka ta Yamma da ke hannunta, Ingila kuma da nata dokokin a Nijeriya. Shi ya sa har yanzu bindigar maharbi take samun sauƙi, ƙaramar bindiga kuwa, wadda ake iya ɓoyewa cikin riga, take fuskantar tsanani.

3. Dokokin ƙasashen uku

3.1 Nijar. Ƙa'idar da kundin hukunta laifuffuka na 1961 ya kafa ita ce hani: shigo da bindiga da sayar da ita da jigilarta da mallakarta da ɗaukarta duk haramun ne, sai da izinin hukuma. Dokar zartarwa ta 23 ga Afirilu 1963 ta fayyace sharuɗɗan mallaka da shigowa da cinikin bindigogin farauta da na harbi, kuma ofishin ministan cikin gida ne ke kula da bayar da izini. A 1994 aka kafa hukumar CNCCAI domin tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba, a lokacin tawayen arewacin ƙasar.

3.2 Benin. Ƙasar ta yi aiki shekaru da dama da dokar zartarwa ta 1961, tun tana amsa sunan Dahome, kafin majalisar dokokinta ta amince da sabuwar dokar makamai da harsasai a 2019. Tsarinta ɗan'uwan na Nijar ne, tunda gadonsu ɗaya: izini daga hukumar gudanarwa yake fitowa. Sai dai kamannin doka bai sa takardar Yamai ta yi aiki a Malanbil ba, domin kowace hukuma a cikin ƙasarta kaɗai take da iko.

3.3 Nijeriya. A nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai kashi uku. Kashi na farko shi ne haramtattun makamai, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta da makamantansu, lasisinsu yana hannun babban sufeton ƴan sanda. Kashi na uku shi ne bindigogin toka irin su adaka, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan ƴan sanda na jiha. Abin lura shi ne libarba da pistole suna cikin kashi na farko, jeri ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti. Ke nan makamin da mutumin Gaya yake ɗauka a matsayin abin kare kai, a Kamba haramtaccen makami ne tun daga tushe. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba lasisi.

Ko da yake Nijeriya tarayya ce, tsarin mulkinta na 1999 ya sa makamai da harsasai cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. An ga tasirin haka a watan Yuni 2022, lokacin da gwamnatin jihar Zamfara ta kira jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga ƴan fashin daji, hukumomin tsaro na tarayya kuma suka nuna cewa gwamna ba shi da wannan iko.

4. Tsarin CEDEAO da takardar baƙo

Yarjejeniyar Dakar ta 29 ga Mayu 1979 ta ba ɗan ƙasar CEDEAO damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Game da makamai kuwa ƙungiyar ta bi hanyar tsaurarawa. A 31 ga Oktoba 1998 shugabanni suka sa hannu a Abuja kan dakatar da shigowa da fitarwa da ƙera ƙananan makamai. A 14 ga Yuni 2006 aka mayar da wannan alkawari cikakkiyar yarjejeniya, wadda ta fara aiki a 2009.

Sashe na 14 na yarjejeniyar ya shimfiɗa sharuɗɗan ba farar hula izini: cikar shekaru, rashin tabon laifi, dalili karɓaɓɓe, horo, da wurin ajiya mai tsaro, tare da jiran aƙalla kwana 21. Sashe na 15 shi ya shafi mai tafiya. Baƙon da ke son shigowa da makami na ɗan lokaci sai ya nemi izini tun kafin ya taso, ya bayyana dalilinsa da irin makamin da lambarsa. Idan ƙasar da zai je ta yarda, za a ba shi takardar shiga, ya kuma yi shelar fita ranar komawa. Saboda haka ko a ƙarƙashin CEDEAO ba a taɓa cewa izinin wata ƙasa ya wadatar a wata ba.

Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar a Janairu 2024 tare da Mali da Burkina Faso, ficewar kuma ta tabbata a 29 ga Janairu 2025. Ɓangarorin biyu sun bayyana a lokacin cewa jama'a za su ci gaba da zirga-zirga ba biza, amma wannan ma maganar mutane ce da takardun tafiyarsu.

5. Kwatanci da wasu yankuna

A Amurka kowace jiha tana da dokarta ta ɗaukar ƙaramar bindiga, wasu jihohin suna karɓar izinin juna, wasu ba sa karɓa. Dokar tarayya ta 1986 ta ba matafiyi damar ratsa jiha da bindigarsa, muddin ba harsashi a cikinta, tana ajiye inda hannu ba ya kai mata, kuma halas ce gare shi a inda ya taso da inda za shi. Tarayyar Turai kuma ta ƙirƙiro katin bindiga na bai-ɗaya a 1991, wanda ya fi amfanar maharba da ƴan wasan harbi. Tsakanin Nijar da Benin da Nijeriya babu irin wannan dama ta ratsawa. Direban da ya ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Gaya ba ya da hujjar cewa wucewa kawai yake yi.

6. Abin da haka ke nufi a Gaya

Iyaka a wannan yanki a shata take a doka, ko da ba a ganinta a ƙasa. Hukuncin Kotun Duniya na 12 ga Yuli 2005, wanda ya bai wa Nijar tsibirin Lete, ya fayyace inda iyakar take a cikin kogi da kuma a kan gadar Gaya da Malanbil. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar, jama'a suka koma ƙetarewa da kwalekwale. A ɓangaren Nijeriya ma akwai garuruwa irin su Dole da iyaka ta raba biyu. Wanda ya bi irin waɗannan hanyoyi da makami ya ƙara wa kansa laifi, domin dokar Nijeriya ta ƙayyade wuraren da ake shigo da bindiga ta ƙasa. Bugu da ƙari, tun da aka fara maganar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kabi a ƙarshen 2024, wanda aka samu da makami a bakin iyaka yana iya fuskantar zargin da ya wuce na rashin takarda.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙasashen uku sun haɗu a kan hani, sun rabu a kan rabon makamai da kuma hukumar da ke ba da izini. Mai izinin Nijar da zai je Malanbil ko Kamba yana da zaɓi biyu: ya bar makaminsa a gida, ko ya samu amincewar ƙasar da zai je tun kafin ya tashi. Muna ganin akwai aiki a nan ga ɗalibanmu na shari'a da na harsuna, watau fassara waɗannan sassa na doka cikin Hausa da Dandanci da Zabarmanci, da tsayar da kalmomin da za su bambanta mallaka da ɗauka da jigila da shigowa, domin fatake da direbobi da maharba su san matsayinsu kafin su isa shingen jandarma.