Me Ya Sa Ɗan Sanda Ba Ya Jin Ɗan Kwana-kwana?

Duk lokacin da gobara ta ci kasuwa, ko tankar mai ta kife a babbar hanya, aka ce agaji ya makara, muhawara iri ɗaya ce ke tashi a majalisu da shirye-shiryen rediyo na kiran waya. Wasu su ce a sayo wa jami'ai kayan aiki. Wasu su ce a yayata lambar 112 kowa ya haddace. Akwai kuma masu cewa duk ɓata baki ake yi, tunda kowane jami'i da wayarsa a aljihu: in DPO yana neman 'yan kwana-kwana, ya kira shugabansu mana. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin ta yi kama da gaskiya, kuma har cikin masu riƙe da muƙami akwai waɗanda suka tafi a kanta.

Wayar salula mutum biyu take haɗawa. Oba-oba kuwa mutum ɗaya ke danna maɓalli, hamsin su ji a lokaci guda, ba neman lamba, ba jiran a ɗauka. Wanda ke cikin hayaƙi da safar hannu mai kauri ba shi da halin laluben suna a waya. Sannan lokacin da aka fi bukatar layi shi ne lokacin da yake cushewa, saboda duk unguwa ta ɗauki waya tana cigiyar 'yan uwa. Lambar ma ta mutum ce, ba ta ofis ba; ran da aka yi wa jami'i canjin wurin aiki, da ita yake tafiya. Mutanen Zamfara ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. A watan Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, duk wanda dogaronsa na neman agaji yake kan salula ya koma aike da ƙafa.

To, a sayo oba-oba ke nan a huta? A nan ne labarin birnin New York ya zama wajibi a ji shi.

Ranar 11 ga Satumba, 2001, da aka kai wa birnin hari, bene na kudu cikin tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya ya rushe da ƙarfe 9:59 na safe. Na arewa ya tsaya har 10:28. Minti 29 ke nan. A tsakanin nan matuƙan jirage masu saukar ungulu na 'yan sanda suna shawagi, suna ganin saman benen arewa ya yi jajir, suka sanar cewa ba zai daɗe ba. Gargaɗin ya bi ta rediyon 'yan sanda. 'Yan kwana-kwana da ke kan matattakala, kowanne ɗauke da kaya masu nauyi, rediyonsu a wani zango yake daban, kuma shugabanninsu sun kafa sansani a wani wuri, na 'yan sanda a wani. Su ma shugabannin nasu sun ba da umarnin a fito, amma tashar ta cika da muryoyi, ga katangun ƙarfe da siminti suna danne saƙo. Da yawa daga cikin 'yan kwana-kwanan ba su ma san ɗayan benen ya faɗi ba, alhali mai kallon talabijin a Kano ko Zinder ya gani da idonsa. 'Yan kwana-kwana 343 suka rasu a ranar, 'yan sandan birnin 23. Ba rediyo kaɗai ya jawo wannan tazara ba, amma kwamitin binciken da ya fitar da rahoto a 2004 ya ambaci rashin haɗin sadarwa da rashin jagoranci guda cikin matsalolin ranar.

Hukumomin da ke wurin duk suna da rediyo. Kowace hukuma ce ta sayi nata a lokacinta, da kasafinta, ba ta tambayi maƙwabciya ba. Hatta lambobin da suke magana da su sun sha bamban: 10-13 a bakin ɗan sandan New York na nufin ɗan uwansa na cikin haɗari, a wasu garuruwan kuwa tambaya ce kan yanayin sama da hanya. Abin da ya sa daga baya hukumomin Amurka suka ce in an haɗu aiki ɗaya a ajiye lambobi a yi magana a fili.

Sai a 2012 majalisar dokokin Amurka ta kafa FirstNet, ta ware mata dala biliyan 7 da wani yanki na zangon sadarwa, aka ba kamfanin AT&T kwangilar ginawa a 2017. Amfaninta shi ne idan layi ya cushe, kiran jami'in agaji ne ke shiga gaba, ko da za a ture na wani.

Duk da haka kada a ɗauka na'ura ta gama magana. A Ingila 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti duk kan tsarin rediyo ɗaya suke, wanda ake kira Airwave. Amma daren 22 ga Mayu, 2017, da bam ya kashe mutum 22 a zauren wasa na Manchester, motocin kwana-kwana ba su iso ba sai bayan fiye da awa biyu. Suna ajiye a wata tasha nesa da wurin, jami'ansu suna ta neman layin babban ɗan sandan da ke bakin aiki, layin a cike. Shi kuma aiki ya yi masa yawa, bai sanar da sauran hukumomin matakin da ya ɗauka ba. Ana ɗauko waɗanda suka ji rauni a kan allunan talla da shingayen ƙarfe, masu gadon ɗaukar majinyata da horon ceto suna zaune suna jiran umarni. Binciken da alƙali John Saunders ya jagoranta ya ce akwai wanda mai yiwuwa da ya rayu da agaji ya zo da wuri. Hanyar magana tana nan, ba a saba bin ta ba ne.

Ɓangaren bayanai ya fi na murya wuyar ganewa, amma duk mai zuwa kasuwar hatsi ya san shi. Ka sayi gero da tiyar wani gari ka kai inda ake awo da ƙaramin mudu: kai ka ce goma, shi ya ce ashirin da wani abu, ba wanda ya yi ƙarya, cinikin dai ba zai faɗa ba sai an yarda da kwano ɗaya. Haka kwamfutocin hukumomi suke. Wannan ta rubuta wurin haɗari da sunan ƙauye, waccan da lambar kilomita, ta uku da lambobin taswirar tauraron ɗan Adam. Asibiti ya rubuta suna Muhammadu, 'yan sanda su rubuta Mohammed, sai mutum ɗaya ya zama biyu a lissafi, danginsa suna yawo daga ofis zuwa ofis. Gyaran wannan ba ya bukatar kowa ya zubar da kwamfutarsa. Zama ake yi a yarda da tsarin rubutu ɗaya, a kuma rubuta a doka wane ne ke da iznin ganin me, domin bayanin lafiyar mutum ba abin da za a buɗe wa kowane mai kaki ba ne.

A Najeriya Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gina cibiyoyin karɓar kiran 112 a jihohi da dama, kuma kiran kyauta ne. Abin a yaba ne. Sai dai 112 ƙofar shiga ce kawai. Bayan ma'aikaciyar cibiyar ta ɗauki kira, da me za ta isar wa 'yan sanda, da jami'an kiyaye haɗurra masu tasu lambar 122, da Sibil Difens, da kwana-kwanan jiha da na tarayya? In sun isa wurin, wa ke ba da umarni? Waɗannan tambayoyin ba su da bikin yanke kirtani, shi ya sa ba a cika rububinsu ba. Kwangila ce ke da masoya. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin aikin dala miliyan 470 na sadarwar jami'an tsaro da kyamarori a Abuja da Legas, mafi yawan kuɗin bashi ne. Bayan 'yan shekaru majalisar wakilai na binciken dalilin da ya sa kyamarorin ba sa aiki.

Mu ma jama'a da namu laifin. Yaran da ake bari suna kiran 112 don wasa, da manyan da ke gwada ko layin na aiki, suna tare hanyar mai naƙuda ne. Ga kwatancen wuri: mai kira ya ce bayan gidan mai, kusa da masallacin Juma'a, a garin da ke da gidajen mai arba'in.

Abin da ya kamata 'yan majalisar jiha su tambaya lokacin kare kasafi ba yawan oba-oba da aka sayo ba ne. Su tambayi kwamishinan 'yan sanda da daraktan kwana-kwana da shugaban hukumar agajin gaggawa yaushe rabon da yaransu su yi atisaye tare, a tasha ɗaya, a cikin kasuwa ta gaske mai lunguna. A yankin Washington an yi irin wannan zama bayan jirgin Air Florida ya faɗa kogin Potomac a Janairun 1982, masu ceto suka kasa jin juna. Hukumomin yankin suka shafe shekaru suna daidaita rediyonsu da tsarin jagorancinsu. Ranar da aka kai hari ma'aikatar tsaro ta Pentagon, a safiyar da New York ke cikin ruɗani, kwana-kwanan gundumar Arlington ne suka riƙe ragama, kuma akasarin maƙwabtan da suka kawo ɗauki suna isowa suka shiga tasha ɗaya da su.