Mai Zuwa Ganin Gida, Ka Kula da Ƙetaren Ruwa

Da zarar an ba da hutun Sallah ko na ƙarshen shekara, 'yan ƙasar Yauri da ke aiki a Birnin Kebbi, Sakkwato, Kaduna da Abuja sai su kamo hanyar gida. Mota takan sauke mutum a Shanga ko Yelwa, amma ga mutane da yawa tafiyar ba ta ƙare a nan ba. Gwaggo tana tungar da ke ƙetare, surukai suna gungu, abokin ƙuruciya yana can ɓangaren Agwara a Jihar Neja. Duk wanda zai gaishe su sai ya shiga jirgi.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya shafe garuruwa da gonaki, aka sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni, dangi ɗaya suka rarrabu a gaɓa biyu. Itatuwan da ruwan ya cinye kuwa ba duka suka ruɓe ba. Kututtukansu na nan a tsaye a ƙarƙashi, kuma idan ruwa ya ja baya a ƙarshen bazara zuwa farkon damina, sukan matso kusa da sama. Matuƙin da ya san hanya yakan kauce musu da rana. Da dare kuwa, sai abin da Allah ya yi.

Mutanen Ngaski ba za su manta da ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021 ba. Jirgin katako ya taso daga Lokon Minna da mutum fiye da 150, da babura da buhuna, ya nufi Wara ta ƙasar Ngaski, ya dare gida biyu a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A Oktoban 2023 wani jirgin ya kife da 'yan kasuwa a hanyarsu ta zuwa Yauri daga Agwara. Kafin nan, a watan Yunin shekarar, sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta Jihar Kwara, a wannan kogin dai na Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure da tsakar dare. Zumunci ne ya fitar da su daga gida.

Abin da ke cin mai hutu shi ne gaggawa. Kwanakinsa ƙididdigaggu ne, gidajen gaisuwa kuma da yawa. Sai ya zauna hira har la'asar sakaliya, a ce masa ya kwana, ya ce ina, gobe da asuba zai kama motar komawa aiki. Haka zai isa kwata bayan magariba, ya faɗa jirgin ƙarshe, wanda shi ne kowa ke rububinsa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar ceto, amma ba kowace kwata ke da ma'aikacinta ba. Saboda haka idan gwaggo ta ce, "Ɗana, ka bari gari ya waye," ka ji maganarta. In ka makara komawa aiki, takardar tuhuma daga ofis tana da amsa.

Sai maganar lodi. Ranar kasuwa, jirgi ɗaya ne ke ɗaukar shinkafa, gero, babura, awaki da mutane a saman kaya. Kafin ka sa ƙafa, dubi bakin jirgin: idan ruwa ya kusa taɓa shi tun yana tsaye, to igiyar ruwa ta farko ciki za ta zuba. Dubi ƙasansa ma. Yaron jirgi da ke ta kwarfar ruwa tun ba a tashi ba ya riga ya gaya maka halin katakon. In da hali, a bar ziyara sai ranar da ba ta kasuwa ba. Da damina kuma a dubi gabas. In hadari ya haɗu a dakata, domin tafkin Kainji yana da faɗin da ya kai kilomita 20 a wasu wurare, babu wajen fakewa in iska ta taso.

Rigar ceto fa? Hukumar raya yankunan da ake samar da wutar lantarki ta ruwa, wato HYPPADEC, ta sha raba ta a garuruwan bakin ruwa, amma sau da yawa takan ƙare a rataye, wai nauyi, wai zafi, wai ai mu 'yan ruwa ne. Gaskiya ne Bagunge da Basarke sun iya iyo tun suna yara. To matarka da ka auro daga Zariya fa, da yaran da aka haifa a birni, waɗanda ba su san ruwan da ya wuce na bahon wanka ba? Ko gwanin iyo ma, in mutum uku suka riƙe shi cikin firgici, tare za su nutse. Mai albashi da ya iya sayen atamfa da shadda na tsaraba zai iya sayen riga ɗaya ko biyu, har da ta yara, ya bar su a gida ana amfani da su bayan ya koma.

Kai da ka zo daga birni, ana jin maganarka a kwata fiye da ta tsohuwar da ta biya kuɗinta da ƙyar. Idan ka ga lodi ya wuce ƙima, ka faɗa wa matuƙi da shugaban kwata a fili. In sun ƙi ji, ka sauko da iyalinka ku jira wani jirgin.